Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Kwashe Kayanmu Kafin A Sauya Wa Kwamfuta Manhaja



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata abokiyar aikinmu da ta daɗe tana riƙe da aji uku ta kai kwamfutarta wajen mai gyara, saboda ta yi nauyi, ba ta buɗewa sai an gaji da jira. Mai gyaran ya duba, ya ce babbar manhajar ce ta tsufa, zai ɗora mata sabuwa. Ta tambaye shi, "Malam, kayana na ciki fa?" Ya ce, "Hajiya, kada ki damu." Washegari ta karɓo kwamfuta tana gudu kamar sabuwa. Da ta buɗe, ba ta tarar da komai ba sai 'yan takardu goma sha wani abu. Sakamakon ɗalibanta na shekara shida, da tsarin darussan da ta yi ta gyarawa zango bayan zango, da hotunan takardunta na aiki, da hotunan mahaifiyarta wadda Allah ya yi wa rasuwa bara, duk sun tafi. Da ta koma shagon, sai ya ce shi abin da ya gani a fuskar kwamfutar ya kwashe, sauran bai san da su ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ranar da ta ba mu labarin a ofishin malamai, ba mu da abin cewa sai "Allah ya mayar da alheri." Amma da yawa daga cikinmu, da muka koma gida muka buɗe namu injinan, sai jikinmu ya yi sanyi, domin mun ga cewa halin da take ciki kafin asarar shi ne halin da muke ciki yanzu: komai namu yana wuri guda, babu kwafi ko ɗaya a wani waje. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne dalilin rubutun nan. Ra'ayinmu shi ne, kwashe fayiloli da hotuna daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa nauyi ne a wuyan mai kayan, dole ya yi shi da hannunsa ko a gaban idonsa kafin a taɓa kwamfutar. Muna kuma ganin lokaci ya yi da reshen ƙungiyarmu zai sa wannan batu cikin sha'anin walwalar mambobi.

Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi da babbar manhaja. Ita ce manhajar da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ita ke tayar da inji idan an kunna, ita ke buɗe sauran manhajoji, ita kuma ke tsara yadda ake ajiye kowane fayil da inda ake ajiye shi. Wadda akasarinmu muka saba da ita ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Akwai macOS ta kamfanin Apple, akwai ChromeOS ta kamfanin Google, akwai kuma Linux, wadda kyauta ce, tana zuwa da sunaye iri-iri kamar Ubuntu da Linux Mint. A wayoyin hannu kuwa, Android da iOS ne ke mulki. Kowacce da tsarinta na ajiya. Saboda haka barin ɗaya zuwa wata kamar tashi ne daga gidan haya zuwa wani: abin da ba ka ɗaure ka fitar ba kafin mai gida ya shigo da magina, to ka yi masa bankwana.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Domin a ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wadda ya fitar tun 2015. Ma'anar haka ita ce, kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma kamfanin ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Haka ya faru da Windows XP a 2014, haka da Windows 7 a Janairun 2020. Bambancin wannan karon shi ne, Windows 11 da ta gaje ta tana da sharuɗɗan da tsofaffin injina da yawa ba su cika ba, ciki har da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Mu kuwa mun san irin kwamfutocin da ke hannun malamin firamare: na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu, muka saya da kuɗin adashi ko bashin ƙungiyar gama kai. Hanyoyin da suka rage wa mai irin wannan inji kaɗan ne. Ko dai ya ci gaba da zama a kan tsohuwar manhaja cikin haɗari, ko ya bari a matsa masa Windows 11 a kan injin da ba a yi ta dominsa ba, ko ya koma Linux, ko ya nemi wata kwamfutar. In ban da ta farko, kowace hanya ƙaura ce, kuma a lokacin ƙaura ake asarar kaya.

To, wane kaya ne a ciki? Mu zauna mu lissafa. Akwai hotunan takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da takardun ƙarin girma, da shaidar NCE, da takardar rajistar Hukumar TRCN, da takardun albashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin tantance ma'aikata ya san darajar waɗannan, kuma duk wanda ya raka wani dattijo neman haƙƙinsa na fansho ya ga yadda rashin takarda guda ke mayar da mutum baya watanni. Akwai kayan aji: jadawalin darussa, tambayoyin jarrabawa, makin gwaji, da sakamakon ƙarshen zango, wanda wani uba zai iya zuwa nemansa bayan shekara uku saboda zai mayar da ɗansa wata makaranta. Sannan akwai kayan gida: hotunan biki da suna, da saukar karatun yara, da muryar wani dattijo da aka naɗa kafin ya bar duniya. Inji idan ya mutu, in Allah ya hore, a sayi wani. Waɗannan kuwa babu kasuwar da ake sayar da su.

Yana da kyau mu fahimci hanyoyin da kaya ke bi su salwanta, domin wanda ya san inda rami yake ba ya faɗawa. Hanya ta farko ita ce wadda ta rutsa da abokiyar aikinmu. Ɗora sabuwar babbar manhaja daga tushe yakan haɗa da share ma'adanar kwamfutar, abin da masu gyara ke kira fomatin. Mai gyara yana da injina da yawa a gabansa, yana sauri, bai san inda muka ɓoye kayanmu ba. Mu kanmu ba kullum muke sani ba. Wasu fayilolin suna fuskar kwamfuta, wasu a foldar takardu, wasu a foldar hotuna, da yawa kuma suna jibge a foldar abubuwan da aka sauko da su daga intanet, inda ba mu taɓa waiwayarsu ba.

Hanya ta biyu ta shafi tsarin da ake tsara ma'adana da shi, ko ta cikin kwamfuta ce ko filash. Windows tana amfani da tsarin da ake kira NTFS, kwamfutocin Apple na zamani suna amfani da APFS, Linux kuma galibi ext4. Ba duka ke jin yaren juna ba. Kwamfutar Apple tana iya karanta ma'adanar NTFS, amma ba ta iya rubutu a kanta sai an ƙara mata wata manhaja. Windows kuwa ba ta gane APFS ko ext4 da kanta, kuma a nan tarkon yake: idan aka soka mata irin wannan ma'adana, tana iya fito da saƙo cewa sai an yi mata fomatin kafin a yi amfani da ita. Wanda bai sani ba sai ya danna amincewa, ya share kayansa da hannunsa. Maganin wannan shi ne a tsara filash ko ma'adanar waje da tsarin exFAT tun tana babu komai, domin shi Windows da Apple da Linux na zamani duk suna karanta shi suna rubutu a kansa. Tsohon tsarin FAT32 ma kowa na gane shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Ke nan bidiyon bikin yaye ɗalibai, in ya yi tsawo, zai ƙi shiga.

Hanya ta uku ta fi shafarmu mu masu koyar da Hausa. Shekaru da yawa, kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a allon rubutu na zamani, an yi amfani da wasu samfuran haruffa na musamman da suka ari gurbin wasu alamomi suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kai. Muddin samfurin yana cikin kwamfutar, rubutu lafiya lau yake fitowa. Da zarar an kai takardar wata kwamfutar da babu shi, sai ka ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Dukanmu mun taɓa ganin irin wannan rubutu. Wanda yake da tambayoyin jarrabawa na shekaru da aka buga da tsohon samfuri, ya kwafi fayil ɗin samfurin haruffan tare da takardunsa, ya kuma mayar da muhimmansu zuwa PDF tun a tsohuwar kwamfutar, domin PDF yakan riƙe kamannin rubutu yadda yake. Daga nan sai ya riƙa mayar da su sannu a hankali zuwa haruffan Yunikod, waɗanda kowace manhaja ta zamani ke ganewa, har da wayoyinmu.

Haka abin yake ga sauran takardu. Wanda ya koma Linux zai tarar da LibreOffice a maimakon Microsoft Office. Tana buɗe takardun Word da Excel, amma wani lokaci jadawali yakan goce, shafi guda ya zama biyu, kuma idan wani gwani ne ya haɗa mana takardar lissafin maki da dabaru masu zurfi, ba lallai ne duka su yi aiki ba. Don haka kowane sakamako da aka kammala aka sa wa hannu, a ajiye shi gida biyu: ainihin takardar da ake iya gyarawa, da kwafinta na PDF.

Hanya ta huɗu ta hotuna ce, kuma ita ce ta fi cin rai. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto a wani tsari da ake kira HEIC, wanda kwamfutoci da yawa ba sa buɗewa sai an ƙara musu manhaja. Tsarin JPEG kuwa, da ya fito tun 1992, babu injin da ba ya gane shi. Hoton da muke so jikokinmu su gani, gara ya kasance a tsarin da kowa ke buɗewa. Sannan kowane hoto na asali yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa. Idan muka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi, ingancinsa ya ragu, wannan bayanin kuma ya faɗi a hanya. Shi ya sa wanda ya ce ai duk hotunansa suna zauren WhatsApp na dangi yake riƙe da inuwa kawai. Idan dole ne a tura ta nan, a tura a matsayin takarda, haka zai isa yadda yake. Mafi sauƙi kuma shi ne a haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji a kwashe kai tsaye, a zuba su cikin foldodin da aka rubuta wa shekara da sunan taron, kamar "2019 sunan auta". Kwamfuta na iya rikita ranakun fayiloli a wajen kwafi, amma sunan da muka rubuta da hannunmu yana nan.

Da yake mun ambaci waya, akwai wani kuskure da ya yawaita. WhatsApp na Android yana ajiye kwafin hirarraki a Google Drive, na iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ya ɗauko nasa daga ɗayan. Akwai hanyar da aka tanada ta ƙaura tsakaninsu, amma tana buƙatar wayoyin biyu su kasance a hannu lokaci guda. Mu kuwa al'adarmu ita ce mu shiga kasuwa da tsohuwar waya, mu ba da ita da ciko, mu fito da sabuwa. Kafin mu isa gida, an riga an wanke tsohuwar an sa ta a gilashi.

Akwai kuma wasu tarkuna biyu da ba a gani da ido. Na ɗaya, wasu fayilolin da muke gani a foldar OneDrive sunansu ne kawai a kwamfutar, ainihinsu yana ma'ajiyar intanet, kuma ana gane su da 'yar alamar gajimare a gefe. Sai an sauko da su tukuna kwafinsu zai yi amfani. Na biyu, wasu kwamfutocin Windows suna kulle ma'adanarsu da wani makulli mai suna BitLocker, wanda mabuɗinsa na gaggawa lambobi 48 ne. Idan aka cire ma'adanar aka kai ta wani injin, ko aka taɓa wasu saituna, za ta nemi waɗannan lambobi, kuma in babu su, ko gwanin masu gyara ba shi da dabara. A nemo su tun yanzu a rubuta a takarda. Haka kalmomin sirrin imel da na sauran shafuka, waɗanda kwamfutar ta daɗe tana tuna mana har mun manta su.

To, yaya ya kamata a yi? Aikin ba ya buƙatar digiri a ilimin kwamfuta, tsari kawai yake buƙata, kuma tsari sana'armu ce. Da farko a tattara komai wuri guda, a bi folda-folda, kada a manta da kwandon shara, domin sau da yawa akwai abin da aka jefa bisa kuskure. Na biyu, a kwafa zuwa filash ko ma'adanar waje, kuma kwafi muka ce, ban da yankewa. Wanda ya yanke ya liƙa, idan aka ɗauke wuta ko igiya ta goce a tsakiyar aiki, zai rasa gane abin da ya ƙetare da abin da ya rage. Na uku, a ƙirga. Kwamfuta tana nuna adadin fayilolin da ke cikin folda da nauyinsu, sai a gwada na asali da na kwafi a ga sun yi daidai. Mu da ba ma fita daga ɗakin jarrabawa sai mun ƙirga takardun amsa mun gwada da adadin yaran da suka zauna, bai kamata wannan ya gagare mu ba. Na huɗu, a kai kwafin wata kwamfutar, in da hali mai irin manhajar da za a koma, a buɗe takardu da hotuna ashirin ko talatin daga wurare daban-daban a tabbatar suna buɗewa. Mai niyyar komawa Linux ma yana da wata dama: ana iya tayar da ita daga kan filash a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Sai bayan duk wannan ne za a ce wa mai gyara bismilla.

Masana harkar ajiyar bayanai suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Dalilin na ƙarshen ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga hotunan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024. Kwamfuta da filash ɗin da ke cikin jaka guda, ruwa ɗaya ko gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Kuma a yi hattara da filash na jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Irinsa yakan nuna ya karɓi kaya, sai an zo buɗewa a tarar da fanko. Kafin a amince da sabon filash, a cika shi da kaya a sake buɗe su a gani. A kuma guji soka filash ɗin ajiya a kwamfutocin shagunan buga takardu, inda ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yawo. A ware wani dabam don wannan.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani zai ce, albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata, da wanne za a sayi ma'adanar waje, da wanne za a sayi datar ɗora hotuna a intanet? Gaskiya ne. Amma ba duka kaya ne nauyinsu ɗaya ba. Takardun aikin mutum na tsawon rayuwarsa, da duk darussansa da sakamakon ɗalibansa, da wuya su cika gigabait guda. Google yana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda imel da hotuna da takardu ke rabawa, Microsoft da Apple kuma gigabait 5 kowanne. Ke nan abin da ya fi muhimmanci ana iya tsare shi da 'yar data kaɗan. Hotuna da bidiyo ne masu nauyi: hoto dubu biyar, in kowanne megabait 3 ne, sun kai gigabait 15. Su sai a zaɓi na zaɓe a ɗora a intanet, sauran a zuba a filash biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wajen wani amintaccen ɗan'uwa.

Wani kuma zai ce, iyayenmu sun yi aiki sun gama da takarda da biro, me ya kai mu wannan wahala? Ba mu ce a yar da takarda ba, ita ce asali, kuma ita ake nema a ofis. Sai dai mun ga abin da gara da yoyon rufi suka yi wa rajistocin makarantunmu, mun kuma ji sau nawa aka ce wa ma'aikaci fayil ɗinsa ya ɓata. Takarda tana tsare kwafin kwamfuta, kwafin kwamfuta yana tsare takarda. Mai hankali yana riƙe duka biyun.

Na uku zai ce, ai mai gyara ya fi mu sanin aikinsa. Haka ne, ya fi mu sanin inji, kuma akasarinsu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu masu neman halal, wasu ma ta ajinmu suka bi. Amma bai san cewa wata folda mai suna "sabo 2" ita ce ke ɗauke da hoton mahaifinmu na ƙarshe ba. Zalunci ne mu ɗora masa nauyin abin da mu kanmu ba mu tsara ba, sannan mu zo muna tsine masa.

Akwai wani ɓangaren da ya wuce asarar kanmu, wato amana. Cikin kwamfutocinmu akwai sunayen yara, da ranakun haihuwarsu, da hotunansu, da lambobin wayar iyayensu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba bayanan yara kulawa ta musamman, har ta ɗora sharaɗin neman yardar iyaye ko masu riƙo. Ko babu doka ma, tarbiyyarmu ta ishe mu sanin cewa ba daidai ba ne hotunan 'ya'yan mutane, ko na matanmu da 'ya'yanmu mata, su kwana a shagon da kowa ke shiga. Mu kuma sani cewa goge fayil ba ya kawar da shi nan take. Kamar a soke sunan yaro ne daga rajista alhali yana zaune a aji: wanda ya leƙa zai gan shi. Akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge. Don haka kafin a sayar da tsohuwar kwamfuta ko waya, ko a ba da ita kyauta, bayan an tabbatar da kwafi, a fita daga duk asusun da ke ciki, a yi mata cikakkiyar wankewa irin wadda ke share ma'adana gaba ɗaya, ko a cire ma'adanar a riƙe.

Ga iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, muna da kalma guda. Rai na hannun Allah. Mun ga gidajen da maigida ko uwargida ta rasu, magada suna buƙatar takardun aikin mamacin domin neman haƙƙinsa, takardun kuma suna cikin kwamfutar da babu wanda ya san kalmar sirrinta. Ba rashin sirri ba ne mutum ya rubuta kalmominsa a takarda, ya rufe a ambulan, ya gaya wa mutum ɗaya amintacce inda ya ajiye. 'Ya'yanmu da suka fi mu saurin hannu a kan waɗannan na'urori kuma, wannan hidima ce da za su yi wa iyayensu a hutu guda.

A ƙarshe, ga roƙonmu ga shugabannin reshe. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, tun kafuwarta a 1931 take tsaye a kan kare haƙƙin malami, kuma a yau wani yanki na wannan haƙƙi yana kwance a cikin ma'adanar kwamfuta. Muna roƙon abu huɗu, babu wanda ke buƙatar kuɗi mai yawa. A ware Asabar guda a kowane zango, a wata makarantar da ke da wutar sola, inda mambobi za su zo da injinansu, waɗanda suka iya a cikinmu su zauna da waɗanda ba su iya ba, kowa ya kwashe kayansa da hannunsa, mata kuma a samar musu 'yan'uwansu mata da za su taimaka musu. A rubuta matakan da muka ambata a shafi guda cikin Hausa mai sauƙi, a liƙa a kowane ofishin malamai. A ja hankalin shugabannin makarantu cewa sakamakon ɗalibai na makaranta ne, bai dace ya zauna a kwamfutar malami ɗaya kaɗai ba, wanda gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki. Kowace makaranta ta mallaki ma'adanarta, a riƙa zuba kwafi a ciki duk ƙarshen zango, kamar yadda ake miƙa rajista. Sannan duk lokacin da hukuma ko wata ƙungiyar agaji za ta raba na'urori, ko ta karɓe su, ko ta sauya musu manhaja, reshe ya nemi a ba malamai sanarwa da isasshen lokacin kwashe kayansu tukuna.

Abokiyar aikinmu ta samu wasu hotunan mahaifiyarta daga wayoyin 'yan'uwanta, ƙanana, marasa haske sosai, ta kuma gode wa Allah a kansu. Sakamakon ɗalibai kuwa tana nan tana sake shigar da shi daga tsofaffin rajistoci, waɗanda gara ta bari. Ita da kanta ta ce mu ba da labarinta, ba tare da sunanta ba, ko wani zai tsira. Mu da kayanmu ke nan daram, kada mu jira sai inji ya fara tari. A wannan makon, kowa ya nemi filash guda, ya fara da takardunsa na aiki.

Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu, ya sa albarka a aikinmu da zuri'armu. Wassalam.